Harafi Takwas Tsakanin Ƙannenmu da Jami'a: Jawabina a Taron Matasa na Kirikasamma

 

Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayenmu dattawan jam'iyya, iyayenmu mata, shugabannin mazaɓu, 'yan'uwana matasa da kuka taso daga Marma, Madachi, Baturiya, Turabu da nan cikin gari.

An ce in yi magana a kan matasa da zaɓe mai zuwa. Da izinin shugaba zan ɗan ratse, in fara da wani zaɓen da ake yi wa ƙannenmu duk shekara, wanda babu wakili a akwati, babu kotun ƙorafi. Jarrabawar JAMB nake nufi.

Tun shekarar 2015 JAMB ta ajiye takarda da fensir, komai ya koma kan kwamfuta. Tambaya 180 cikin awa biyu. To ku duba yaronmu na ƙauyen fadama. Ya gama sakandare, kansa na ja, amma tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Ranar jarrabawa ya yi sammako, ubansa ya sayar da buhun shinkafa ya biya kuɗin fom da na mota, ya isa cibiyar a Hadejia ko wani garin da aka tura shi. Aka zaunar da shi. Hannu na rawa, yana tsoron ya taɓa wani abu na'urar mutane ta lalace a ce ya biya. Na kusa da shi, ɗan birni, har ya yi nisa. Sakamako ya fito, a gida a ce yaron ba shi da ƙoƙari. Wallahi ƙoƙari yana da shi, zama gaban allon ne bai saba ba.

Abin da zai ba ku haushi, ana iya amsa jarrabawar nan da harafi takwas kacal. A, B, C, D na zaɓen amsa. N ka tafi tambaya ta gaba, P ka koma baya, S ka miƙa, R ka dawo idan ka fasa miƙawa. Shi ke nan fa! Wannan da la'asar ɗaya za a koya wa mutum. Abin da ke ɗaukar makonni shi ne fitar masa da tsoro, ya saba amsa tambaya agogo na gudu a gabansa.

Mu Jigawawa ba baƙi ba ne a harkar nan. Zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa makarantar Informatics ta Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su ma fara maganar ba. Ɗanmu na Hadejia, Kashifu Inuwa Abdullahi, aka naɗa shugaban hukumar NITDA ta ƙasa a 2019. Hukumar ta sa burin kashi 70 cikin ɗari na 'yan Najeriya su iya amfani da na'urorin zamani zuwa 2027, har ta haɗa kai da hukumar bautar ƙasa don masu hidimar ƙasa su riƙa koyar da jama'a a inda aka tura su. Tunani ne mai kyau, na yaba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: ɗan bautar ƙasa shekara guda yake yi ya tafi, da yawa ba sa jin Hausa, kuma damina na sauka hanya ta yanke, ba kowa ne zai hau kwalekwale don ya je koyar da 'ya'yan wasu ba.

Wa ke jin yaren, ya san hanyar, kuma dole ya dawo gida duk hutu? 'Ya'yanmu. Waɗanda ke Binyaminu Usman a Hadejia, da na Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da na Jami'ar Tarayya a Dutse, da na Kazaure. Ga su nan cikin zauren nan, ina ganin wasu da jakar laftof a baya. Ƙannena, hutu ya zo kun dawo, daga majalisa sai gidan kallon ƙwallo. Ba laifi ba ne. Amma awa biyu bayan la'asar, kwana uku a mako, ba za ta rage muku komai ba.

Idan kacala ta toshe mana hanyar ruwa, mukan jira injin gwamnati, amma kafin ya zo gayya muke yi, kowa da laujensa. Wannan ma gayya nake kira. Kowace mazaɓa a samu aji ɗaya a firamare ko Islamiyya, da izinin hedimasta da mai unguwa. Laftof biyar sun isa farawa, ko tsofaffi ne, yara su zauna uku-uku suna karɓa-karɓa. Caji kuwa, masu sola suna nan a kowane gari, a yi musu magana. A fara bayan ruwa ya janye an gama girbi, a tsaya a kai har lokacin jarrabawa. Kuma a fara tun daga rajista, don tun 2021 ba a yin JAMB sai da lambar NIN, kuma nan ne ake cutar yara: wani ya yi musu rajista da layin wayarsa, ko a rubuta suna ba daidai ba, shekara ta tafi.

Iyayenmu mata, wannan taku ce. Uba ba zai bar 'yarsa budurwa ta je ajin da samari ke koyarwa da yamma ba, kuma ban ga laifinsa ba. Muna da ɗalibai mata. A ware musu ajinsu da hantsi, mace ta koyar da mace. In ba haka ba, za mu wayi gari mun koyar da maza kawai muna ta tafa wa kanmu.

Yanzu ga inda na san wasu ba za su ji daɗi ba. Ba a tambayar katin jam'iyya a bakin ƙofa. Ba fosta, ba hoton ɗan takara a bango, ba riga mai tambari. Ɗan wanda ke wancan ɓangaren namu, da ɗan 'yan adawa, duk su shigo. Na ji ana cewa, to mu da kuɗinmu, ina ribarmu? Ranka ya daɗe, ranar da aka liƙa hoto a ajin nan, rabin gari za su hana 'ya'yansu zuwa, hedimasta ya ji tsoron aikinsa ya karɓe makulli. Mun sha ganin rabon kekunan ɗinki da aka yi don hoto, washegari suna kasuwa.

In kuma ribar ake nema, ga ta. A zaɓen 2023 kowa ya ga BVAS, ya ga yadda ake ɗaukar hoton takardar sakamako a tura ta intanet. Wakilin akwati da bai iya karanta abin da ke kan allon na'ura ba, bai iya ɗaukar hoto mai kyau ya tura cikin minti biyu ba, ɗan kallo ne kawai. Ɗaliban da suka yi wata uku suna koyarwa, sun san kowane gida, kowane gida ya san su, su ne wakilan da muke ta nema muna rasawa.

Wani zai ce aikin gwamnati ne. Haka ne, kuma ba za mu fasa neman a kawo mana cibiyar jarrabawa mai rai kusa da mu ba. Gwamnatin tarayya ma ta sanar da niyyar mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta. Amma yaran da ke aji shida bana ba za su jira kasafin baɗi ba.

Roƙona ga dattawa: cikin kuɗin da aka ware na fosta, a cire na tsofaffin laftof goma. Ɗalibai kuma, ga littafi nan wurin sakatare a bakin ƙofa. Ka rubuta sunanka, mazaɓarka, makarantarka, da ko kana da laftof. Mata, shugabar mata na riƙe da naku. Asabar mai zuwa bayan azahar za mu zauna a nan mu raba ajujuwa.