Kundin Kakanni a Kan Takardar Auduga: Shawara ga Masu Buga Hoto a Zangon Kumasi



A babban ɗakin karatu na Kopenhagen, a ƙasar Denmak, akwai tarin takardun Larabci na Musulmin Kumasi na farkon ƙarni na 19, galibinsu addu'o'i da layu da wasiƙu. Sun shekara ɗari biyu amma har yau suna karantuwa, domin takardar wancan zamani da tsumma ake yinta. Yau kuwa yaro a Aboabo ko Asawase zai ɗauki kundin kakansa a waya, ya kai shago a buga masa a kan farar takardar ofis mai giram 80. A garin da damina ke zuwa sau biyu a shekara, laima ba ta barin irin wannan kwafi ya tsufa.

Shawarata ita ce mu koma ga takardar masu zanen fentin ruwa, wadda ake yi da auduga zalla, mai nauyin giram 300, irin ta Arches ta Faransa. Ba sabon abu ba ne: tun a 1991 kamfanin Nash Editions a Amurka ya riƙa buga hotuna a kanta da firinta mai fesa tawada.

Sai dai takardar tana da halinta. Ba a shafe fuskarta domin firinta ba, saboda haka tana shan tawada, baƙi ya dusashe, layi ya ɗan bazu. A hoton biki wannan taushi ado ne. A rubutun malamai kuwa haɗari ne, domin a irin hannunmu na Magaribi ɗigo ɗaya a ƙasa shi ne fa, ɗaya a sama shi ne ƙaf. In ɗigon ya faɗa cikin kaushin takarda ya ɓace, an sauya wa malami magana bayan ransa. Don haka a zaɓi mai santsi, wadda aka danne da zafi, a bar mai kaushi ga hotunan masallaci da na hawan sallah.

Tawada ma iri biyu ce. Mai rini tana narkewa da danshi, rana kuma ta koɗe ta; mai ƙwayar launi ita ce ke jurewa, ko da ta fi tsada. A kakkaɓe zaren takardar kafin a saka, a tura ta ta bayan na'ura ɗaya bayan ɗaya, a fara gwaji da ƙaramin yanki, sannan a bar ta ta kwana kafin a taɓa.

Roƙona na ƙarshe ga masu shago: kwafi mai kyau haka yana iya rikita jikoki. A rubuta a bayansa da fensir cewa kwafi ne, da shekarar bugawa, da sunan gidan da ke riƙe da asalin.