Bashin karatun likita: yadda Amurka ke kai likitoci ƙauye

Ina gaida na ruga da na mashekari, ina gaida 'yan kasuwa masu tsallaka iyaka safe da yamma, da direbobin da ke jiran layi a shingen kwastan. A shirinmu na lafiya na wannan mako za mu yi nisan zango, har Amurka. Kada wani ya ce ina ruwanmu, ku dai biyo ni.

Duk wanda ya taɓa ɗora mara lafiya a babur ko amalanke, ya sha tafiya, ya iso asibiti aka ce masa likita ya koma birni, ya san ciwon da nake magana a kai. To, Amurka ma, duk arzikin nan nata, tana fama da shi. Akwai jihohi irin su Montana da Wayomin, inda shanu suka fi mutane yawa, makiyayi sai ya yi tuƙin awoyi kafin ya ga likita. Kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke hana likitoci zama a irin waɗannan wurare shi ne bashi.

A can, yaro sai ya yi shekara 4 a jami'a, sannan ya shiga makarantar likitanci ya ƙara 4. Kuɗin makarantar mai yawa ne, mafi yawan ɗalibai rance suke ci. Wanda ya gama da bashi, a matsakaicin lissafi, yana fitowa da kusan dala 200,000 a wuyansa. Mutanen Nijar, dalar Amurka nake nufi fa, kada ku lissafa da dalarmu ta sefa biyar. Idan aka juya, kuɗin ya haura sefa miliyan 100. Bayan haka akwai horo a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci, shekara 3 ga likitan iyali, albashi kaɗan, kuɗin ruwa kuma yana ta hawa kan bashin.

Yanzu ka sa kanka a matsayin yaron nan. Likitan iyali shi ne na matakin farko, mai duba zazzaɓi da hawan jini da ciwon suga da awon ciki da rigakafin yara, wato irin wanda ƙauye ke buƙata. Amma likitan tiyatar ƙashi a birni yana iya samun ninkin abin da shi yake samu. Mai bashin miliyan 100, wanne zai zaɓa? Ni dai ban ga laifinsa ba. Ɗan kasuwar da ya ɗauko kaya bashi, kasuwar da ta fi ci yake nufa.

Da gwamnatinsu ta ga haka, a 1970 aka kafa wata runduna ta ma'aikatan lafiya da suke taƙaita sunanta NHSC, aikinta tura likitoci yankunan da aka tantance suna da ƙarancinsu. A 1972 aka ƙara mata tallafin karatu. Gwamnati ce ke biyan kuɗin makarantar ɗalibi, ta kuma ba shi na abinci da haya duk wata. Shi kuma ya sa hannu cewa kowace shekara da aka ɗauki nauyinsa zai rama da shekara guda ta aiki a inda ake buƙata, mafi ƙaranci shekara 2. 'Yan'uwana Fulani za su gane wannan da sauri, don ya yi kama da habbanaye: a ba ka saniya ka kiwata, 'yan maruƙa su zama naka, uwar kuma ka mayar wa mai ita. Ilimin ya zama na likita har abada, shekarun aikin ne yake mayarwa. Sai dai habbanaye amana da kunya ke riƙe da shi, wannan kuwa kotu ce. Wanda ya karɓi tallafin ya ƙi zuwa, doka ta ce ya biya ninki uku, da kuɗin ruwa a kai.

A 1987 aka buɗe ƙofa ta biyu, don wanda ya riga ya gama karatu da bashinsa. Ka yi shekara 2 a asibitin ƙauye ko na unguwar talakawa, a biya maka har dala 50,000 daga bashin. A 2024 an ɗaga wa masu aikin matakin farko zuwa 75,000. Idan ka ƙara zama, ana iya sabunta yarjejeniyar shekara-shekara. Ungozoma da likitan haƙori ma suna ciki. Asibitin da ke son a turo masa irin waɗannan ma'aikata kuma dole ya karɓi mara lafiya ko yana da kuɗi ko ba shi da shi. Makiyaya, ga naku: ma'aikatar gonarsu tana da irin wannan tsari ga likitocin dabbobi, a rage musu bashi su yi shekara 3 a inda garke ke da yawa likita babu.

To amma kuɗi yana kawo likita ne, zamansa wani abu ne daban. Wasu ranar da wa'adi ya cika, ranar suke ɗaure kaya. Ka yi tunanin yarinya ko saurayi da bai wuce shekara talatin ba, shi kaɗai a asibiti, tsakar dare an kawo haihuwa ta zo da gardama, ba babba kusa da zai tambaya. Tsoro da kaɗaici sun kori likitoci da yawa daga ƙauye.

A nan ne maganar jagora ta shigo, kuma ni a ganina ita ce ta fi nauyi. Makarantar likitanci ta Jefason da ke jihar Fensilbaniya ta fara wani tsari a 1974: ta riƙa ɗaukar yaran da suka tashi a ƙauye kuma suke da niyyar komawa, ta haɗa kowanne da malami likitan iyali da zai riƙa bin sa da shawara, ta tura su koyon aiki a ƙananan garuruwa. Da aka bi sawunsu bayan shekaru, an tarar sun fi sauran abokan karatunsu zama a karkara nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarin da ta fitar a 2010, ta ce ƙasashe su riƙa ɗaukar 'ya'yan karkara a makarantun lafiya. 'Yan kasuwa kun san wannan. Yaron kanti ba a ba shi jari rana ɗaya a juya masa baya. Ubangida yana nuna masa hanya, ya haɗa shi da dillalai, ya tsaya masa in ya yi asara, kafin ranar sallama.

Sai wani misali daga jihar Niyu Meksiko. Wani likitan hanta, Dakta Sanjeev Arora, ya ga masu ciwon hanta nau'in C suna jiran watanni kafin su gan shi, wasu daga nesa ƙwarai. A 2003 ya fara shirin da ake kira ECHO. Duk mako likitocin ƙauye su haɗu da ƙwararru ta bidiyo, kowa ya kawo matsalar mara lafiyarsa ba tare da faɗin suna ba, a tattauna, a koya masa. Binciken da aka buga a 2011 ya nuna waɗanda aka yi wa magani a ƙauye ta wannan hanya sun warke daidai da na asibitin jami'a. Shirin ya iso ƙasashen Afirka da dama yanzu.

Akwai wani ɓangaren da ya taɓa mu kai tsaye. Tun 1994 Amurka na da tsarin da ke barin likitan da ya zo horo daga wata ƙasa ya zauna, muddin zai yi shekara 3 a yankin da ke da ƙarancin likitoci. Cikin masu cike gurbin nan har da 'ya'yan Afirka ta Yamma. Wato wani ƙauyen Amurka ya samu likita, wanda iyayensa a nan suka sayar da bijimai suka biya masa karatu.

A wajenmu bashin karatu galibi na gida ne: na baba da ya rage garke, na kawu da ya cire daga jari, na ƙanne da ke jiran a ɗauke su. Ba takarda, amma nauyinsa na kai likita birni ko ƙasar waje. A Najeriya kuma tun 2024 an fara ba ɗalibai rancen gwamnati ta asusun NELFUND, ba kuɗin ruwa, a fara biya shekara 2 bayan bautar ƙasa. Ina ganin lokaci ya yi da za a tambayi 'yan majalisa ko za a yafe wa likita ko ungozoma wani kaso idan suka yi shekaru a asibitin kan iyaka. Ƙungiyoyin makiyaya da na 'yan kasuwa ma, da ke tara kuɗi duk ranar kasuwa, za su iya ɗaukar nauyin ɗa ko 'ya guda daga cikinsu, a rubuta shekarun da zai dawo ya yi, gaban mai gari da shaidu, a kuma nema masa babban likita da zai riƙa ɗaga wayarsa.

Wanda garinsu suka taɓa gwada haka, ko ya yi kyau ko ya watse, ya aiko mana da saƙo, za mu karanta a shiri na gaba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.