Insha'in Muhawara Yana Buƙatar Abokin Hamayya



Duk wanda ya taɓa ba 'yan aji biyar na sakandare aikin rubuta insha'i a kan amfanin karatu ya san abin da zai tarar a takardunsu. Layin farko, "ilimi gishirin zaman duniya". Sakin layi na biyu, hadisi a kan neman ilimi. Daga nan sai "a taƙaice". Takarda tuli guda, magana ɗaya. Mu malamai ne muka jawo haka, domin mun ba su batun da babu mai ja da shi. Wa zai miƙe ya ce karatu aikin banza ne? Inda babu mai ja kuwa, yabo kawai yaro zai iya yi.

Alhali muna da rigima ta gaske a gida. A shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun yi ta kai ruwa rana a jaridu kan littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano. Malumfashi yana ganin ba su kai matsayin adabin kirki ba, Adamu yana ganin su ne suka sa matasa da matan aure riƙe littafin Hausa. A 2007 har ƙona irin waɗannan littattafai gwamnatin Kano ta yi a wata makarantar 'yan mata. To ga batu: shin yarinyar da ke ɓoye littafin Balaraba Ramat Yakubu a cikin jakarta karatu take yi, ko ɓata lokaci? Ku rubuta wannan a allo, ku ga ko ajin zai yi shiru.

Sai dai hayaniya daban, hujja daban. Abin da nake ba da shawara shi ne, kafin ɗaliba ta kare ra'ayinta, a sa ta rubuta ra'ayin wanda ba ta yarda da shi ba, ta rubuta shi da kyau, yadda mai shi zai gani ya ce lallai haka nake nufi. Wadda ke son littattafan ta fara da damuwar mahaifiyar da ta ga an bar tukunya ta ƙone, ko an kwana ana karatu a waya har aka makara. Sannan ta amsa mata. Nan ne "amma" da "duk da haka" ke fara aiki a rubutunta.

Hujjar kuma ta fito daga littafi. Wanda ya ce Magana Jari Ce ta Abubakar Imam tana koyar da hikima, a tambaye shi: a wane labari, me aku ya ce da Musa, me ya biyo baya? Da jan biro za ku rubuta masa a gefe, "ina shaidarka?" Af, wannan yana nufin mu ma sai mun karanta, kuma sai an nemo makullin ɗakin karatun makaranta da ke hannun mutum ɗaya.

Wani zai ce WAEC da NECO na tafe, babu lokacin wannan. Mai gyaran takarda yana ba da maki ne kan ƙunshiya, tsari, salon bayani da ƙa'idojin rubutu. Yaron da ya saba amsa wa mai ja da shi ya riga ya riƙe biyun farko, ko da wane batu aka kawo masa a zauren jarrabawa.