Takalmin Rage Ƙiba: Kada Adashe Ya Tafi a Banza



Wasunmu sun ga tallan takalmi mai tudun ƙasa a waya, wai sa shi kawai yana rage ƙiba. To, ku ji. A 2012 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Skechers biyan dala miliyan 40 saboda irin wannan talla. Reebok ma ya biya miliyan 25 a 2011. Ashe tafiyar ce maganin, kuma mu masu daka da ɗibar ruwa ba mu rasa ta ba.

Yaya, in kin kwashi adashe, sayi takalmi mai daɗin taku a kasuwar Shinkafi, saura ki ƙara jari. Allah Ya albarkaci ƙungiyarmu.