Idan Bashi Ya Fara Taɓa Gida Ko Gona

 

Maganarmu ta yau irin wadda ba a son yi a cikin taro ce: bashin da ya yi nauyi har mai bi ya fara ambaton gida ko gona. Kowacce a nan ta san yadda abin yake farawa. Daga Funtua zuwa Bakori, Danja, Kafur har Malumfashi, masara ba ta yi sai da taki, taki kuwa sai da kuɗi. Maigida ya ci bashi farkon damina, ya ce sai kaka. Sai ruwa ya ɗauke, ko tsutsa ta shiga gona, ko rashin tsaro ya hana zuwa gonar daji kamar yadda ya faru da 'yan'uwanmu na wajen Faskari da Sabuwa. Wani ma ba bashin noma ba ne, kuɗin asibiti ne ko kuɗin fansa. Sau da yawa mace ita ce ta ƙarshen ji, alhali ita da 'ya'yanta ne za su fita da kaya a ka.

Abu na farko da nake so ya zauna a ranmu: jingina ba sayarwa ba ce. Wanda aka jinginar wa gona ko gida bai zama mai shi ba don wa'adi ya cika. A shari'ar Musulunci, idan an kasa biya, gaban alƙali ake zuwa, a sayar da abin a kan farashinsa na gaskiya, mai bin bashi ya ɗauki kuɗinsa, abin da ya rage a miƙa wa mai dukiya. A ce bashin naira 400,000 ne, gonar kuma ta kai miliyan biyu. Ba ya halatta a ce gona ta tafi gaba ɗaya. Ko banki ne ya sayar, rarar da ta rage bayan bashi da ɗawainiya ta mai gida ce. Sai dai ku lura, banki ba kamar maƙwabci ba ne. Akwai takardar da idan an sa mata hannu, tana ba shi ikon sayarwa ba tare da ya je kotu ba. Don haka kada a dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba, kuma wanda zai karanta ya zama naku, ba na mai ba da bashi ba.

Akwai kuma dokar ƙasa ta 1978. Ta ce filin da ke da takardar mallaka ta gwamnatin jiha ba a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, na karkara kuma sai da amincewar ƙaramar hukuma. Mutane da yawa ba su bi ta nan ba, kuma lauya yakan fara dubawa daga wurin.

Ga wadda ta fi shafar mu mata. Gidan gado da ba a raba ba, ba na babban wa ba ne shi kaɗai. Matar mamaci tana da tumuni idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu. 'Ya mace tana da rabin kason namiji. Ba mai ikon jinginar da kasonki ba da yardarki ba. Kunya ce take sa mu yi shiru, mu ce ai yayanmu ne. To ki gaya masa cikin ladabi, "Yaya, ni ban yarda a sa kasona ba," kuma ki faɗa a gaban shaidu.

To idan abin ya riga ya zo fa, takarda ta iso ko an aiko ɗan saƙo? Ɓuya ba ta rage ko kwabo. Kuɗin ruwa ma ƙaruwa yake yi yayin da ake kewaye-kewaye. A je da wuri, a je da wani abu a hannu ko kaɗan ne, a tafi da dattijo ko mai unguwa, a nemi a ƙara wa'adi ko a rarraba biyan daidai da lokacin da amfani yake shigowa. Mai bin bashi kuɗinsa yake so, sayar da gida wahala ce a gare shi shi ma. Idan Musulmi ne, malamin unguwa zai iya tuna masa cewa a ƙarshen Suratul Baƙara an yi umarni da a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. A wurin nan dai aka yi umarni da rubuta bashi, don haka duk abin da aka shirya a rubuta, da kwanan wata da shaidu, kowane biya kuma a karɓi rasit.

Kafin a kai ga gida, a duba abin da ya fi sauƙin mayarwa. Akuya tana haihuwa, sa ana sake saye, amma gonar da ta fita hannu da wuya ta dawo. Ana iya ba da hayar wani sashe na gona shekara ɗaya ko biyu a karɓi kuɗi a hannu, ko a sa ɗan haya a shagon ƙofar gida. Wannan ya fi jinginar da muka saba, wadda mai kuɗi yake noma gonar shekara da shekaru, bashi kuma yana nan yadda yake. Malamai da yawa suna ganin wannan cin amfani riba ce. Idan kuwa ba makawa sai an sayar, gara ku yanki kaɗan ku sayar da kanku, ku nemi mai saye a natse, da a yi muku gwanjo. Idan an kai ƙara, kada a ƙi amsa sammaci, don ana iya yanke hukunci ba ku nan. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid da ke Katsina, hukuma ce ta gwamnatin tarayya mai tsaya wa marasa hali. Akwai kuma ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

Yanzu bari mu je kasuwa, don daga can kuɗin biya yake fitowa. Allah ya ba mu kasuwannin hatsi da ake zuwa daga nesa. Manyan motoci suna lodin masara da waken suya a Dandume da Funtua da Bakori, su nufi Dawanau a Kano ko kamfanonin abincin kaji a Kudu. Matsalar ita ce, lokacin da mai bashi yake matsa mana, lokacin ne kowa ya kawo nasa, farashi ya faɗi ƙasa. 'Yan sari sun san wanda bashi ya koro. Daga yadda yake sauke buhu ake gane shi.

Shi ya sa nake cewa kada a kwashe rumbu a rana ɗaya. A lissafa abin da ake bi a wannan watan, a sayar da daidai shi. A ware abincin gida tukuna, don wadda ta sayar da na ci da kaka za ta saye shi da tsada da bazara, kuma da sabon bashi. Yawancinmu ba mu ke zuwa kasuwa da kanmu ba, yaro muke aika ko dillaliya. To kafin kaya su fita, a buga waya kasuwa biyu ko uku a ji farashi, a auna da tiyar gida a san tiya nawa ke cikin buhu, a kuma yanke la'ada tun kafin ciniki. Idan mata goma suka haɗa buhunansu a mota ɗaya, kuɗin mota ya ragu, kuma mai buhu talatin ba a yi mata tayin wulaƙanci kamar mai buhu biyu.

Amma kada wata ta fita daga nan ta ce na ce ajiya kullum riba ce. A 2024 hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba, gwamnatin tarayya ta janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Da aka shiga 2025 farashi ya karye, waɗanda suka ci bashi suka sayi hatsi don ajiya suka tafka asara. Ajiye abin da kika noma daban, cin bashi mai ruwa don ki ajiye daban. Ni dai ba na ba kowa shawarar na biyun. Wake kuma in za a ajiye, a sa a buhun PICS mai ninki uku a ɗaure da kyau, ba sai an zuba magani ba. Abin da ya fi tabbas a hannunmu shi ne sarrafawa: waken suya ya zama awara, gyaɗa ta zama mai da ƙuli-ƙuli, tumatirin Danja in ya yi arha a shanya kauɗa. Kuɗin kaɗan ne, amma kowane mako yake shigowa.

Sai wannan akwati namu. Irin wannan adashi ya faro ne a jihar Maraɗi ta Nijar a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, kuma abin da ya riƙe shi shi ne ƙa'ida. Rance ba ya wuce ninki uku na abin da mace ta zuba. Akwatin ba zai iya biyan bashin gida gaba ɗaya ba, kada tausayi ya sa mu juye shi a kan mutum ɗaya sauran su rasa rabo. Abin da zai iya shi ne ya biya kason wata ɗaya ko biyu, har a sami sararin sayar da amfani a farashi mai kyau. Idan kuma maigida ne ya ce ki karɓo masa, ki sani sunanki ne a littafi, ke za a bi.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, kowacce ta zo da amsar tambaya uku, ba sai ta faɗa a fili ba: nawa ake bin gidanmu, wa yake bi, kuma me aka ajiye masa a matsayin jingina? Wadda take da takardar da ba ta gane ba ta kawo, ma'aji da magatakarda za su zauna da ita a keɓe bayan an rufe akwati.