Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Bizar Ritaya da Inshorar Lafiya a Ƙasashen Waje

 

An ɗora mana nauyin yin magana a kan tambayar da ke yawan tasowa a ofisoshin makarantunmu: idan malami ya yi ritaya, yana iya komawa wata ƙasa ya ƙarasa kwanakinsa? Wani burinsa Madina. Wata kuma ɗanta ne ke aiki a Ingila ko Kanada yana cewa ta taho ta huta. Burin ba laifi ba ne. Sai dai dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta kai ritayar malami shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, a inda aka fara aiki da ita. Ke nan za mu bar aji a shekarun da hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa suka fi kama mutum, kuma ƙasashen da muke sha'awa sun san haka.

Duk ƙasar da ke karɓar tsofaffin baƙi tambaya biyu take yi: da me za ka ci, kuma wa zai biya asibiti idan ka kwanta?

Mu fara da masu bizar ritaya a fili. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana ba wanda ya kai shekara 55 izinin zama na shekara biyar, idan yana da gida ko ajiyar banki da ta kai dirhami miliyan ɗaya, ko tsayayyen kuɗin shiga mai yawa, tare da inshorar lafiya. Tailan tana karɓar mai shekara 50, da sharaɗin ajiyar bat 800,000 ko samun bat 65,000 duk wata, kuma tun 2019 ta wajabta inshora ga masu bizar dogon zama da ake nema daga waje. Sifaniya tana neman kuɗin shiga yuro 2,400 a wata da cikakkiyar inshora mai zaman kanta, kuma ba ta yarda mai wannan biza ya yi aiki ba.

Saudiyya, wadda zukatanmu suka fi karkata gare ta, ba ta da bizar ritaya. A 2019 ta buɗe izinin zama na musamman: riyal 800,000 na dindindin, ko riyal 100,000 a kowace shekara. Bizar Umara kuwa izinin ibada ce mai wa'adi. Wanda ya zarce wa'adin ya zama mazauni ba takarda, yana fuskantar tara da tsarewa da kora, kuma ranar da ciwo ya kayar da shi tsoron kamu zai hana shi zuwa asibiti.

Kowa a cikinmu ya ɗauki alƙalami ya auna waɗannan alƙaluma da fanshonsa. Fanshonmu da naira ake biya. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya tsara zamansa a waje da lissafin farko ya wayi gari kashi biyu cikin uku na ƙarfin kuɗinsa sun zube, alhali haya da inshora ba su sauka ba.

Saura hanyar 'ya'ya, wadda ita ce ta fi kusa da yawancinmu. Birtaniya ta tsaurara ƙa'idar ɗauko iyaye tun 2012: sai an tabbatar dattijon yana buƙatar mai kula da shi kullum, kuma ba za a iya samun wannan kulawa a ƙasarsa ba. Abin da ya rage shi ne bizar ziyara, wadda ba ta wuce wata shida. Mai ziyara idan aka kwantar da shi a asibitin gwamnati, kuɗin magani zai biya har da ƙarin rabinsa, kuma bashin da ya kai fam 500 yana iya hana shi biza nan gaba. Amurka ba ta da bizar ritaya. Ɗan ƙasa mai shekara 21 yana iya nema wa iyayensa izinin zama, amma sai sun shekara biyar a jere kafin su sami damar sayen Medicare, inshorar tsofaffi ta gwamnati. Kanada ce ta ɗan sassauta da bizar iyaye da kakanni da suke kira Super Visa, wadda ke ba da zaman da ya kai shekara biyar a shiga ɗaya, da sharaɗin gwajin likita da inshorar shekara guda wadda ba ta gaza dalar Kanada 100,000 ba.

A nan muke roƙon a saurara da kyau. Kamfanin inshora yana ƙara kuɗi gwargwadon shekaru, kuma yawanci yana ware ciwon da mutum ya zo da shi, ko ya sa masa sharaɗi. Dattijon da ya ɓoye hawan jininsa a fom don kuɗin ya yi sauƙi, ranar da ya sami shanyewar ɓarin jiki kamfanin zai binciki tarihin lafiyarsa ya ƙi biya, bashin ya faɗa kan ɗan da ya gayyace shi. Saboda haka a faɗi gaskiya, a sa wanda ya iya ya karanta ƙananan rubutun takardar, a kuma tambaya ko ta ƙunshi kwanciya asibiti da dawo da mara lafiya gida. A sani kuma inshorarmu ta cikin gida iyakarta ƙasar nan.

Shawararmu ga mai niyya ita ce kada ya sayar da gida ko gona, kada kuma ya miƙa garatutinsa ga dillalin da ya yi alkawarin takardar zama. Sharuɗɗan biza suna sauyawa, kuma ofishin jakadanci ne kaɗai ke da maganar ƙarshe. Ya fara da ziyara ta 'yan watanni, ya ga sanyin ƙasar da kaɗaicinta tukuna. Ya kuma binciki yadda zai yi da tantance 'yan fansho, domin sau da yawa wanda bai bayyana ba akan dakatar da kuɗinsa.

Akwai kuma aikin da ke kanmu a ƙungiyance. Da yawa daga masu son fita asibiti suke nema, ba yawon duniya ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa a Nijeriya, ta kuma tanadi asusun masu rauni wanda ya haɗa da tsofaffi. Muna kira ga reshenmu ya rubuta wa hukumar inshorar lafiya ta jiha ya nemi amsa a rubuce: idan albashi ya tsaya, katin asibitin malami zai ci gaba da aiki? Idan ba zai ci gaba ba, wannan ya shiga jerin buƙatunmu a zaman gaba da gwamnati, tun muna da albashi da murya.

Allah Ya ba iyayenmu 'yan fansho lafiya, mu kuma Ya nuna mana ranar ritaya da ƙafafunmu.