Ruwan Holan da Ruwan Haɗeja: Jawabi ga Masu Shirin Fita Karatun Tsarin Ruwa



An nemi mu yi bayani a kan karatun tsarin albarkatun ruwa a ƙasashen waje, saboda da yawa daga cikinku suna neman gurbin digiri na biyu a wannan fanni. Za mu taƙaita maganarmu a kan ƙasa guda, watau Holan, domin a garin Delf na ƙasar ne cibiyar IHE take, wadda injiniyoyin ruwa na Afirka masu ɗimbin yawa suka ratsa ta cikinta.

Asalin cibiyar masifa ce. A 1953 teku ta fasa jingar da ke kare kudu maso yammacin Holan cikin dare, mutum 1,836 suka halaka. Bayan haka ne Holan ta shiga gina manyan madatsai a bakin teku, sa'an nan a 1957 aka buɗe kwas a Delf don koya wa injiniyoyin wasu ƙasashe abin da aka ƙware a kai. To, ku lura da wannan asali, gama kowace makaranta da damuwar ƙasarta take tashi. Wajen kashi 26 cikin ɗari na Holan yana ƙasa da doron teku, saboda haka babban tunanin mutumin can shi ne yadda zai fitar da ruwa daga gonarsa. Manomin Gashuwa kuwa tunaninsa yadda ruwan zai iso gare shi.

Wani abin da kan ba ɗalibi mamaki shi ne, ruwan saman da ke sauka a Holan cikin shekara, wajen milimita 800, bai fi na Kano da wani abin kirki ba. Sai dai nasu yakan sauka kaɗan-kaɗan cikin wata goma sha biyu, ƙarƙashin rana mai sanyi. Namu kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, daga nan sai rana da iskar hunturu su hau shanyewa. A yankin Tafkin Cadi abin da suke ɗauka daga saman ruwa a shekara yana kai mita biyu. Wanda ya zana tafki mai fāɗi marar zurfi a ƙasarmu da lissafin ƙasar sanyi, rana ya gina wa randa.

Ba muna cewa kada ku tafi ba ne. Ku tafi, amma ku san abin da za ku ɗebo. Zanen madatsa da lissafin bututu ana koyar da su a Zariya da Kano da Maiduguri. Abin da ya cancanci wahalar sanyi da kewar gida abu biyu ne, kuma na farkonsu ajiye ƙididdiga. A Lobit, inda Kogin Rayin yake shiga Holan daga Jamus, ana da lissafin ruwan da ke wucewa kullum tun daga 1901. Da irin wannan ne ake gina samfurin kogi a kwamfuta, a ce ambaliya mai girma kaza takan zo sau ɗaya a shekara kaza. Kogunanmu kuwa da yawansu littattafan ma'auninsu cike suke da giɓi, wani na watanni, wani na shekaru. Kwamfuta ba ta ƙin amsa tambaya. In ka ba ta lissafi gurgu za ta fito maka da zane mai kyaun gani, kai kuma ka sa hannu. Aikin Noman Rani na Kudancin Cadi ya ishe mu misali. An tsara shi bisa tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, amma da farin shekarun 1970 da 1980 ya zo, tafkin ya janye ya bar bakin magudanar a tsandauri.

Abu na biyu ya fi wuyar koyo, domin ba a allo yake ba: yadda ake raba ruwa tsakanin mutane. Holan tana da majalisun ruwa 21, waɗansu asalinsu tun ƙarni na 13. Jama'a ke zaɓen wakilansu duk shekara huɗu, kuma majalisun suna karɓar harajinsu na kansu. Laƙabin shugaban kowace, in an juya shi da Hausa, kamar a ce hakimin jinga ne. Mu da muka san Sarkin Ruwa da Sarkin Rafi bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Daɗin daɗawa, da koguna suka cika a 1995 har aka kwashe mutum 250,000 daga gidajensu, mutanen da suka yi suna wajen tsare ruwa suka sake shawara, suka fara ba kogi fili. A garin Naimegen sun ja jinga baya mita 350, suka haƙa wa kogin hanya ta biyu.

Yanzu mu dubi gida. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Calawa a 1992. Sun shayar da birnin Kano, sun raya noman rani a Kadawa da Kura, ba mai musun wannan. Amma ruwan da suka tsare shi ne a dā yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru, inda ake noman shinkafa, ake su, Fulani kuma suke kiwo da rani, kafin ragowar ta bi Kogin Yobe ta wuce Gashuwa da Difa zuwa Cadi. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan da ake saki duk shekara kuma ya sa ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Masanan tattalin arziki da suka auna al'amarin a shekarun 1990 sun gano cewa amfanin da ake samu daga ruwan in ya isa fadama ya fi wanda ake samu daga gare shi a gonakin noman rani na sama. A Bakolori kuwa, a 1980, rikicin diyyar gonaki ya kai ga zub da jinin manoma. Duk waɗannan madatsai ƙwararru ne suka zana su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin zama inda masunci zai yi magana a saurare shi kafin a zuba siminti.

Saboda haka, in lokacin zaɓen batun kundin bincike ya yi, za a yi muku tayin wani kogi na Turai wanda lissafinsa yake a kammale, aikinsa da sauƙi, makinsa da kyau. Shawararmu ku zaɓi kogin gida, ko da zai ci muku ƙarin wahala. Tun kafin ku hau jirgi ku bi ofisoshin hukumomin raya koguna, waɗanda aka kafa a 1976, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, da hukumar hasashen yanayi, ku kwafi duk abin da kuka samu na ruwan sama da na kogi. Ku zauna da dattawan bakin kogi su nuna muku inda ruwa ya kai a 2012 da 2022, ku auna, ku rubuta. Waɗanda ke cikinku 'yan Borno su tambayi yadda ruwa ya bi unguwannin Maiduguri sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, tun masu shaida ba su manta ba.

Shugaba, nan za mu dakata don a yi tambayoyi.